JIRAGEN DA BA SU TAƁA TASHI BA: NAZARI A KAN FASAHAR ƘAGA JIRAGEN YAƘIN ITALIYA

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. To, ita da-na-sani tana da ƙanwa, sunanta da-a-ce. Bambancinsu shi ne, babbar cizon yatsa take sa mutum, ƙaramar kuwa zaunar da shi take yi ya warware abin da ya riga ya wuce, ya sake saƙa shi ta wata fuska don ya ga abin da zai fito. A adabin Turawa wannan dabara ta daɗe da zama rukuni mai cin gashin kansa. Tun a 1876 wani masanin falsafa Bafaranshe, Charles Renouvier, ya raɗa mata suna Uchronie, wato zamanin da bai taɓa wanzuwa ba. A 1962 Philip K. Dick na Amurka ya fitar da The Man in the High Castle, inda ya ƙaddara cewa Jamus da Japan ne suka ci yaƙin duniya na biyu. Mu dai a nan za mu kira irin wannan aiki da suna tarihin da-a-ce.

A wannan fitowa ba littafi za mu ɗora a faifan nazari ba. Wata fasaha ce ta hannu, wadda masu ita suke ba da irin wannan labari da roba da gam da fenti, ba tare da sun rubuta babi ko ɗaya ba. Su ne masu haɗa ƙananan samfuran jiragen yaƙi, musamman waɗanda suke ƙaga jiragen da Italiya za ta mallaka da a ce tarihi ya bi wata hanya. Mai karatu yana iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Amsarmu ita ce, duk wanda ya ƙaga abin da bai faru ba ya kuma nemi a gaskata shi, ɗan'uwan marubuci ne, kuma ma'aunin da ake auna marubuci ya hau kansa. Za mu duba inda suka yi bajinta, mu duba inda suka gaza, domin a duka biyun akwai abin ɗauka ga mai alƙalami.

Yadda Ake Aikin

Kamfanoni irin su Italeri na Italiya, da Airfix na Ingila, da Tamiya da Hasegawa na Japan, suna sayar da jiragen roba a wargaje cikin kwali. Mai saye shi zai yanke kowane ɓangare daga jikin sandar da aka zubo shi, ya goge, ya manna da gam, ya cike tsaga, ya yi fenti, sa'an nan ya jiƙa 'yan takardun tambari ya liƙa. Kowane samfuri yana da ma'auninsa. Waɗanda aka fi yayi su ne 1/72 da 1/48, wato kowane tsawo na jirgin gaske an raba shi gida 72 ko gida 48. Alal misali, jirgin Fiat G.55 faɗin fukafukansa mita 11.85 ne, a ma'aunin 1/72 zai dawo santimita 16 da rabi, abin da zai zauna a tafin hannu.

Mafi yawan masu wannan sana'a mutane ne masu tsananin kiyaye tarihi. Suna iya kwana suna gardama a kan launin cikin mazaunin matuƙi. Amma daga cikinsu akwai wani rukuni da suka ce su ba za su tsaya a kan abin da ya faru ba. Sukan ɗauko fiffiken wannan jirgi su haɗa da gangar jikin wancan, su ƙara tsawon hanci don ya ɗauki injin da bai taɓa ɗauka ba, su ba shi tambari da lambar runduna, sa'an nan su rubuta ɗan taƙaitaccen tarihi a kati su ajiye a gabansa. An fi sanin wannan yayi da jiragen Jamus, inda ake kiransa Luft '46, ma'ana jiragen da za a gani da yaƙin ya kai 1946. Na Italiya reshe ne ƙarami, amma a ganinmu ya fi jan hankalin manazarci, saboda dalilan da za mu kawo.

Me Ya Sa Italiya?

Tarihin jiragen saman Italiya cike yake da alkawarin da ba a cika ba, kuma irin wannan gurbi shi mai ƙaga labari yake nema. An kafa rundunar mayaƙan saman ƙasar, Regia Aeronautica, a 1923, 'yan watanni bayan Musolini ya hau mulki, kuma ya mai da ita abin ado ga gwamnatinsa. A 1933 Italo Balbo ya jagoranci ayarin jirage 24 masu sauka a ruwa suka ƙetare tekun Atilantika suka isa Chicago. A watan Oktoba na 1934 Francesco Agello ya yi gudun kilomita 709 a sa'a da jan jirgin nan Macchi M.C.72, kuma har yanzu babu jirgi mai farfela mai sauka a ruwa da ya karya wannan bajinta. Jirgin yana nan a gidan tarihi na Vigna di Valle, a bakin tafkin Bracciano.

Da aka shiga yaƙi a watan Yuni na 1940, sai aka ga tusa ta ƙare wa bodari. Jiragen faɗan Italiya suna da kyan tuƙi, amma injinansu ba su da ƙarfi, bindigoginsu kuma ba su da yawa. Sai da aka samo injin Jamus na Daimler-Benz DB 605 sa'an nan aka ƙera jirage uku da suke kafaɗa da kafaɗa da na kowa, wato Fiat G.55 da Macchi C.205 da Reggiane Re.2005. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Sun iso a 1943, kuma ran 8 ga Satumba na wannan shekara aka yi shelar cewa Italiya ta ajiye makamai. Re.2005, wanda da yawa suke ganin ya fi su duka kyan ƙira, ko 50 ba a gama ba.

Bayan waɗannan akwai tarin ayyukan da suka mutu a ƙwai. Akwai Ambrosini SS.4, mai farfela a baya da ƙananan fukafukai a gaba, wanda ya faɗi ya kashe matuƙinsa a watan Maris na 1939. Akwai Caproni Campini N.1, wanda ya tashi a watan Agusta na 1940 ba tare da farfela a waje ba, aka yi ta kururuta shi, alhali gudunsa bai kai na jiragen faɗa na lokacin ba. Akwai Fiat G.56 da ya tsaya a matakin gwaji a 1944. Akwai kuma Aquila, jirgin ruwan fasinja da aka soma mayarwa mai ɗaukar jiragen sama, yaƙi ya ƙare bai taɓa fita aiki ba. Kowane ɗaya daga cikinsu tamkar labari ne da aka katse a tsakiya, mai samfuri kuwa ya zo ya ce bari ya ƙarasa.

Abin Yabo: Zubi da Tsari

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne horon kai. Gwanin wannan fasaha wuri ɗaya tak yake taɓawa a tarihi, sauran kuma ya bar su su biyo bayan wannan canji bisa hankali. Idan ya ce an gama Aquila, to dole jirgin da zai ɗora a kanta ya kasance da ƙugiya a ƙarƙashin wutsiya don kama igiyar tsayawa, dole a ƙarfafa ƙafafunsa, kuma nauyin da aka ƙara dole ya rage wani abu, ko mai ko harsashi. Wanda ya manna ƙugiyar bai lissafa nauyinta ba, abokan sana'arsa za su gane a kallo ɗaya. Wannan ita ce ƙa'idar da yawancin ƙagaggun labaranmu suke karyawa. Sai ka ga tauraro ya tashi da talauci a shafi na 10, a shafi na 30 yana rabon motoci, ba a nuna mana abin da ya bayar kafin ya samu ba.

Abu na biyu shi ne iya ba da labari da ƙaramin abu. Mu ɗauki tambari. Kafin Satumba 1943, jirgin yaƙin Italiya yana ɗauke da farin kuros na gidan sarautar Savoia a wutsiya, da hoton damin sanduna da gatari na jam'iyyar Fasist a fukafukai. Bayan an ajiye makamai rundunar ta rabu biyu. Waɗanda suka bi sarki suka koma wajen ƙawancen Ingila da Amurka, suka ɗauki zagayayyen tambari mai kore da fari da ja. Waɗanda suka bi Musolini a arewa suka ci gaba da damin sanduna a cikin murabba'i. Ran 2 ga Yuni 1946 kuma jama'ar Italiya suka jefa ƙuri'a suka soke sarauta. Saboda haka idan mai samfuri ya rubuta 1947 a katinsa, ya kuma bar farin kuros da damin sanduna a jikin jirgin, ya riga ya gaya mana cewa a duniyarsa sarki yana kan gado, Musolini yana kan mulki, ba a yi waccan ƙuri'a ba. Takarda ce da ba ta kai farce girma ba, amma ta ɗauke aikin shafi biyar na bayani. Marubucin da yake tsayar da labari ya yi mana lacca a kan halin da ƙasa take ciki, ya kamata ya zo nan ya ɗauki darasi.

Na uku shi ne tsufa. Jirgin da aka yi wa fenti fes ba ya kama da gaskiya. Gwanaye sukan zana baƙin hayaƙi a bayan bututun inji, su kankare fenti a daidai inda takalmin matuƙi yake takawa, su koɗar da launin saman fiffike kamar rana ta ci shi. Jiragen Macchi da suka yi aiki a hamada an san su da fenti mai ruwan ƙasa da koren zane kamar zoben hayaƙi, kuma fitar da wannan zane a kan abin da bai wuce tafin hannu ba sai mai haƙuri. Abin da ake nema a nan shi ne alamar cewa an yi amfani da abin, ya sha rana, ya ji jiki. Taurarin labari ma haka suke: wanda ba shi da tabo ko ɗaya ba a yarda da shi.

Inda Gizo Ke Saƙar

Duk da wannan yabo, muna da ƙorafi uku, kuma na ƙarshen ya fi nauyi.

Na farko, yawancin waɗannan ƙagaggun tarihi suna ɗora komai a kan injiniya, su manta da masana'anta. Sai a nuna kamar da a ce G.56 ya fito da shekara guda, da labari ya sha bamban. Amma tsakanin 1940 da 1943 jiragen da Italiya ta ƙera gaba ɗaya kimanin 11,000 ne, ita kuwa Amurka a 1944 kaɗai ta ƙera sama da 96,000. Italiya ba ta da man fetur nata, gawayi da ƙarfe ma sai ta nemo daga waje. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Tarihin da-a-ce da ya canza fiffike ya bar tattalin arziki yadda yake, ya gina soro ne a kan yashi. Shi ya sa samfuran da suka fi gamsar da mu su ne masu ƙaramin buri, kamar wanda zai ƙaddara cewa Italiya ba ta shiga yaƙin ba sam, ta tsaya gefe kamar Sifen, sa'an nan ya tambayi irin jirgin da ƙasa matalauciya mai girman kai za ta iya saye a 1948.

Na biyu, ƙage yakan tsallaka shinge ya shiga gonar tarihi. Shahararren misali shi ne Reggiane Re.2007. Shekaru da dama littattafan jirage suna kawo zanensa, jirgi mai injin jet da fukafukai masu karkata baya, ana cewa aikin lokacin yaƙi ne da ya tsaya saboda rashin samun inji daga Jamus. Daga baya masu bincike suka nuna shakka mai ƙarfi a kan wannan labari, suka kawo hujjar cewa zanen da ake yaɗawa bayan yaƙi aka yi shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mutane da yawa sun faɗa. Mai samfurin da ya rubuta a katinsa cewa wannan ƙage ne, ya fita haƙƙin mai kallo. Wanda ya bar abin a dunƙule don a ɗauka gaskiya ne, ya bar sahun masu fasaha ya shiga na masu jabu. Wannan gargaɗi ya shafi marubutan da suke sa sunayen sarakuna da malamai na gaske a labari, su ɗora musu maganar da ba su yi ba, ba tare da wata alama ga mai karatu ba.

Na uku shi ne shirun da ake yi a kan mutanen da suke ƙasa. Samfurin jirgi a kan katako yake zaune, ko a rataye da zare, babu kowa a ƙarƙashinsa. Amma jiragen Italiya na gaske akwai mutane a ƙarƙashinsu, kuma mafi yawansu a farkon al'amari 'yan Afirka ne. Bom na farko da aka taɓa jefowa daga jirgin sama a yaƙi, a Libiya ya sauka: ran 1 ga Nuwamba 1911 Laftana Giulio Gavotti ya wurgo gurneti huɗu da hannunsa a Ain Zara da Tajura, kusa da Tarabulus, birnin da ayarin fatake suka yi ƙarnoni suna haɗa shi da Kano. A 1921 Janar Giulio Douhet ya fitar da littafinsa a kan mallakar sararin sama, inda ya koyar da cewa a kai hari kan garuruwa don a karya zuciyar jama'a. Da jiragen sama aka yi ta farautar mutanen Umar Mukhtar, da su aka yi wa Kufra ruwan wuta kafin a ci ta a watan Janairu na 1931, shi kuma aka rataye shi ran 16 ga Satumba na wannan shekara. Waɗanda suka kalli fim ɗin Lion of the Desert na Moustapha Akkad sun ga kaɗan daga ciki, fim ɗin da aka yi shekaru ba a yarda a nuna shi a Italiya ba.

A Habasha abin ya fi muni. A yaƙin da aka yi daga Oktoba 1935 zuwa Mayu 1936, jiragen Caproni da Savoia-Marchetti sun zuba iskar guba mai sale fata a kan mayaƙa da ƙauyuka da mashayar dabbobi, alhali Italiya ta sa hannu a yarjejeniyar Janeba ta 1925 da ta haramta hakan. Ran 30 ga Disamba 1935 sun kai hari kan asibitin tafi-da-gidanka na ƙungiyar agaji ta Suwidin kusa da Dolo. Sarki Haile Selassie ya kai kuka gaban Majalisar Ƙawancen Ƙasashe a Janeba ran 30 ga Yuni 1936, ba a share masa hawaye ba. Ɗan Musolini, Vittorio, wanda ya tuƙa jirgi a wannan yaƙi, ya rubuta littafi yana kwatanta faɗuwar bom a tsakiyar mahaya dawaki a matsayin abin sha'awa da nishaɗi. Sai a 1996, bayan doguwar fafutikar masanin tarihi Angelo Del Boca, ma'aikatar tsaron Italiya ta amsa a hukumance cewa an yi amfani da gubar.

To, idan mai samfuri ya ƙaga duniyar da Musolini ya tsira da daularsa, ya yi wa jirginsa fentin hamada ya rubuta Asmara ko Addis Ababa 1947 a kati, me ya ce ke nan? Ya ce Habasha tana nan a ƙarƙashin takalmi. Ya kuma goge tafiyar da sojojin Nijeriya na birged ta 23 suka yi a 1941, daga Mogadishu zuwa Harar, a cikin rundunar da ta kori Italiya daga can, sojojin da da Hausa ake ba su umarni. Ba mu ce haramun ne a ƙaga irin wannan duniya ba. Marubucin Italiya Enrico Brizzi ya yi haka a wani littafinsa na 2008, inda ya kai ɗan jaridar wasanni yankunan da Italiya take mulki a Afirka a 1960, kuma ta wannan hanya ya tona wariya da zaluncin tsarin. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki nasarar azzalumi don kawai tana ba da damar fenti mai kyau. Wannan shi ne kyan ɗan maciji. Mai kallon da ya tsaya yana yaba santsin fiffike, bai tambayi inda jirgin ya dosa ba, ya zauna ne a kujerar Vittorio bai sani ba.

Jan Alade: Wanda Ya Kusa Cin Jarrabawa

Domin kada a ce mun nemi abin da ba zai yiwu ba, bari mu kawo aikin da ya fito daga cikin wannan sana'a ya kuma ɗaga ta. Hayao Miyazaki na Japan, wanda aka haifa a 1941 a gidan da ake ƙera wa jiragen yaƙi kayan gyara, ya fara zana wani gajeren labari ne a mujallar Model Graphix, mujallar masu haɗa samfura. Daga nan labarin ya zama fim ɗin zane mai suna Porco Rosso a 1992, ma'ana Jan Alade. Jan jirgin tauraron, wanda aka kira Savoia S.21, ƙage ne: an ari sunan wani jirgi na gaske, aka ba shi siffa mai kama da Macchi M.33. Kamfanin Fine Molds kuma ya mai da shi samfurin roba, wato jirgin da bai taɓa tashi ba ya samu kwalinsa kamar kowane jirgi na tarihi.

Labarin yana faruwa ne a tekun Adiriyatik wajen 1929. Marco tsohon gwarzon matuƙi ne na yaƙin duniya na farko, wanda ya rikiɗe ya koma da fuskar alade, ya bar soja, yana farautar 'yan fashin sama don kuɗi. Mai karatu kada ya yi saurin kau da kai saboda dabbar da aka zaɓa, domin ƙyamar ita ce manufar. Mutum ne da ya ga abokansa sun mutu shi ya rayu, ya tsani kansa, ya kuma gwammace wannan siffa da ya koma ya yi wa 'yan Fasist aiki. A nan an biya bashin da muka ce ana bin masu samfura. An nuna masana'anta: jirgin ya lalace, an kai shi Milan, kuɗin gyara ya zama bashi, kuma mata ne suka yi aikin domin mazan sun tafi neman abinci saboda karayar tattalin arziki. Yarinya 'yar shekara 17, Fio, ita ta sake zana fiffiken. An nuna 'yan sandan ciki suna bibiya. An kuma nuna matattu, a wurin da Marco yake tuna ganin da ya yi wa dubban jirage na kowane ɓangare suna tafiya a jere can ƙololuwar sama, abokai da abokan gaba ba bambanci. Ko faɗan ƙarshe bai ƙare da kisa ba, bindigogi suka ƙi tashi, aka koma dambe a cikin ruwa.

Duk da haka mun ce ya kusa cin jarrabawa ne, domin shi ma idonsa bai ƙetare Bahar Rum ba. A daidai shekarun da labarin yake gudana ake tsare dubban mutanen gabashin Libiya a sansanoni, rundunar da Marco ya guda kuma ita take shawagi a kansu, amma fim ɗin bai ko yi ishara ba. Abin mamaki, sunan kamfanin Miyazaki kansa, Ghibli, an ɗauko shi ne daga jirgin Caproni Ca.309 da aka ƙera don sintiri a hamadar Libiya. Kalmar kuwa ta Larabawan Libiya ce, sunan zazzafar iskar da take busowa daga kudu, kuma tushenta ɗaya da kalmarmu ta alƙibla. An ari sunan iskar, masu iskar kuma ba a ba su ko layi ɗaya ba.

Kammalawa

Hukuncinmu a kan wannan fasaha shi ne, ta ci jarrabawar zubi da tsari, ta ci ta salo, amma a jigo yawancin masu ita suna da sauran aiki. Sun iya amsa tambayar yaya abin zai kasance, ba su cika tambayar a kan wa zai sauka ba.

Ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, filin tarihin da-a-ce a buɗe yake, kuma ba baƙo ne gare mu ƙwarai ba. Tun a Ganɗoki, Bello Kagara ya ɗauki mayaƙin da ya ga zuwan Turawa ya wuce da shi duniyar ƙage, Umaru Dembo kuma ya kai mu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Wanda zai tambayi abin da zai faru da a ce Sarkin Musulmi Attahiru ya wuce Burmi a 1903 ya isa gabas da jama'arsa, yana da labari a hannu. Sai dai muna ba shi shawara huɗu daga abin da muka gani a sama. Ya canza abu ɗaya, ya bi sakamakonsa da gaskiya ko da bai yi masa daɗi ba. Ya san tarihin gaske fiye da wanda zai rubuta shi kai tsaye, domin ba a karkata hanyar da ba a sani ba. Ya sanar da mai karatu cewa ƙage yake yi. Sa'an nan ya tuna cewa kowace nasara da ya ba wani a takarda, akwai wanda ya kayar, bawa ne ko talaka ko mace ko garin da aka ci, kuma shi ma yana da haƙƙin a ji muryarsa a cikin labarin.

Muna fatan masu ra'ayi daban za su aiko da martani a fitowa ta gaba, domin da muhawara adabi yake ƙiba. Allah Ya sa mu dace, amin.